Amsa ga malamar da ta yi tambaya kan ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Malama, kin ce 'yan ajinki na firamare huɗu sun haddace ma'anar ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a farkonta da wanda ake liƙa mata a ƙarshenta, amma da an ba su kalma su fayyace sai su yi zuru. To, jingine ma'anar tukuna. Yaron Kano yana amfani da abin nan a bakinsa kullum, sunansa ne kawai bai sani ba, don haka sunan ya zo a ƙarshe.

Fara da unguwanni. Rubuta Agadasawa, Gobirawa, Dukawa da Hausawa a allo, ki tambaye su me ya yi kama. Za su gano -awa da kansu. Sai ki ce, mutum ɗaya fa? Bagobiri, baduku, Bahaushe. Shi ke nan, ba- ya shigo ta goshi, -awa ta ƙeya. Mace kuma Bakanuwa, Bakatsiniya. Wannan ya ishi darasin rana guda.

Inda za ki daɗe shi ne ma-, domin aiki uku yake yi. Yanka kwali kala uku: ɗaya na ma-, ɗaya na aikatau (kalmar aiki), ɗaya na ƙarshen kalma (-i, -iya, -a). Aikatau biyar sun isa, minti goma sha biyar. Noma ya ba da manomi, mai yin aikin. Karanta ya ba da makaranta, wurin yin aikin. Buɗe ya ba da mabuɗi, abin yin aikin. Kada ki haɗa ukun a mako ɗaya, rikicewa suke yi. Idan sun kama, kawo musu rini: marini mutum ne, marina ita ce wurin rini irin na Ƙofar Mata, masu rinin kuma su ma marina ne a rubuce. Karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ne ya raba su, na wurin duk sama yake, na mutanen yana faɗuwa a tsakiya. Tunda ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum, furta musu da ƙarfi cikin jimla. Haka maƙera take.

Kurakurai biyu za ki yi ta gani. Na farko, da sun ɗanɗana daɗin yanka, sai su far wa masara, madara, mage da barkono. Koya musu gwaji: cire ma-, abin da ya rage aiki ne da ya dace da ma'anar kalmar? Masara ita ce za ta fi yaudararsu, saboda akwai sara, amma ba ruwanta da saran itace. Na biyu, za su rubuta "marubuti" ko "Bahause". Kada ki ja musu jan biro kawai, hankalinsu ya yi aiki. Nuna musu cewa t kan koma c, s kan koma sh a gaban i ko e: rubuta, marubuci, amma jam'i marubuta, Sakkwato, Basakkwace.

Ki kuma lura da masu raba ba- da kalmarsa, suna rubuta "ba Kano" a wurin Bakano, har ma'ana ta koma korewa. Su -anci da -ntaka, irin Kananci, Turanci, abokantaka, bar su sai zango na gaba.