Maigidana ya ce mu rage ruwan alwala saboda tsadar ruwa, ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu a unguwarmu famfo ya daɗe bai kawo ba, sai dai mu saya wajen ƴan garuwa, kuma kuɗin jarka kullum ƙaruwa yake. Shi ne maigidana ya ce kowa ya riƙa alwala da rabin buta, mu kuma tara ruwan alwalar a baho a zuba wa shuka ko a kora banɗaki. Ni dai raina bai kwanta ba, gani nake kamar muna yi wa ibada rowa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama ki kwantar da hankalinki, abin da maigidanki ya ce shi ne sunna, ko da ruwan kyauta ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i (wato mudu huɗu) zuwa mudu biyar. Mudun nan kuwa ba na kasuwa ba ne da ake auna gero, mudun Annabi ne, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, bai kai lita 1 ba, ledar fiyawata ɗaya da ɗan ƙari. Kin ga rabin buta ma ya isa har da saura. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara, ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarna a ciki kuma wuce iyaka ne da bidi'a.

Amma ki lura da sharaɗin nan, kyautata wanki, don nan ne nake jiye wa mutane tsoro. Dole ruwa ya gudana a kan gaɓa a cuɗa, ba a jiƙa hannu a shafa fuska kamar ana shafa mai ba, musamman gwiwar hannu da tsakanin yatsu da dunduniya, lokacin hunturu ma da ƙafa ke yin kaushi da faso sai an ƙara kula, Annabi (SAW) ya ga wasu sun bar dugadugansu a bushe ya yi musu gargaɗi da wuta. Yara su ne suka fi yin wannan, ki tsaya a kansu. Wankewa sau ɗaya ɗaya ta isar in ta game, Ibn Abbas (RA) ya ruwaito haka, sau uku ya fi lada, wuce uku kuwa an hana.

Ruwan da kuka tara tsarkakakke ne muddin najasa ba ta faɗa ciki ba, a ba shuka, a yi shara, a kora banɗaki, duk babu laifi. Sake alwala da shi ne malamanmu na Malikiyya suka ce makaruhi ne in akwai wani ruwan. Ruwan tsarki kam kar a haɗa shi da wannan.

Sannan tsada kawai ba ta halatta taimama, matuƙar ana samun ruwan a farashin da aka saba a garin kuma kuna da halin saye ba tare da kun taɓa kuɗin abinci ba. Wallahu a'alam.