Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan gudun famfalaki da haƙƙin iyali

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce a Garwa ta ƙasar Kamaru kake, kana son ka shirya gudun famfalaki, amma uwargida tana ƙorafin cewa Lahadi ce kaɗai ranar da yara ke samun ka, ga shi atisaye zai cinye ta, kuma ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa haɗa biyun. Ni ma a garin nake da iyalina, na kuma daɗe a harkar.

Da farko, uwargida tana da gaskiya, kada ka yi mata musu. Kilomita 42.195, wato tsawon gudun famfalaki, ba a shirya musu da ragowar lokaci. Mai farawa yana buƙatar wata huɗu zuwa biyar, yana fita kwana huɗu a mako. Uku daga ciki gajeru ne, kilomita takwas ko goma. Ka fita da sallame sallar asuba, ka zaga wajen filin wasa na Rumde Ajiya, ka dawo kafin yara su sa kayan makaranta. Waɗannan ba sa tauye kowa. Dogon gudun mako shi ne mai jawo magana, domin yana farawa daga kilomita 15 ya hau a hankali har 30 ko 32, wato awa uku ko fiye a kan hanya, sannan ka dawo ka kwanta yini guda ba ka da amfanin kowa. Wannan kwanciyar ta fi gudun kansa ɓata wa mata rai.

Abin da ya gyara mana shi ne na daina yin gudun da zai ƙare a ƙofar gida. Ina tsara hanya ta ƙare a inda iyali za su so zuwa. Garin Fitowa yana da tazarar kusan kilomita 15 daga Garwa, kuma kasuwarsa Lahadi take ci. Ina fita da duhu-duhu, babban yarona yana biye da ni a keke, gorar ruwa biyu ɗaure a bayan sirdi da tsohuwar roba, dabino a aljihunsa. Shi ke ƙirga min tafiya, shi ke cewa "Baba, lokacin ruwa ya yi." In rana ta ɗaga, mahaifiyarsu ta taho da ƙanana a mota, mu haɗu mu karya da koko da ƙosai, ta yi cefanenta, ni kuma in riƙe yara. Da gudun ya ƙara tsawo sai in fara da zagaye a cikin gari kafin in kama hanya. Sai dai hanyar Marwa ce, manyan motoci ba sa ɗaga ƙafa. Ka sa riga mai haske, ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, kuma kada ka ɗora yaro a keke a wurin sai ya iya sosai.

Wasu makonnin bakin kogin Binuwai muke ƙarewa. Da rani ruwa ya ja baya, yashi ya fito, yara su yi ta ƙwallo, wani lokaci su hango dorina can nesa. Nesa ɗin nan kuwa a kiyaye shi. Ranar hutu kuma mukan taka gindin dutsen Tingilin a hankali, ƙafafu su warware, yara su sha iska.

Ka kuma ba ta nata rabon a fili. Idan ka ɗauki safiyar Lahadi, yammacin nata ne: ta je unguwa ko ta huta, kai ka zauna da yara ko da cinyoyinka na ciwo. Ku yi wannan maganar tun kafin ka fara. In wani ya ce maka mai iyali ba ya iya wannan gudu, ka tuna masa da Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta lashe gasar hawan Dutsen Kamaru a Buya har sau bakwai. Gasar ta watan Fabrairu ce, amma ban ba ka shawarar ka fara da ita ba, domin hawa ne da gangara a dutsen da ya haura mita 4,000. Ka nemi ta shimfiɗaɗɗen titi tukuna.

Sai maganar zafi, wadda na fi jin tsoro. Ka tsara shirinka ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu Garwa tana wuce digiri 40, dogon gudu a lokacin ganganci ne. A hunturu ma, ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura. Ruwa zalla ba ya isa idan gudu ya wuce awa ɗaya da rabi: a lita ɗaya ka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. Da ka ji jiri, ko ciwon kai, ko gumi ya ɗauke, ka tsaya nan take ka nemi inuwa. Cikin azumi ka rage sosai, ka koma gajeren gudu bayan asham.

Takalmi ko na gwanjo ne ya wadatar, in dai ƙasansa bai cinye ba kuma akwai sarari gaban babban yatsa. Mako uku kafin gasa za ka rage gudu, Lahadin ta koma hannun iyali kusan gaba ɗaya. Kafin ka fara komai, ka je asibiti a auna maka hawan jini da sukari, musamman in ka haura shekara arba'in. Allah ya ba da sa'a, a gaida uwargida da yara.