Indiya ta ƙara gina kwalejojin IIT, ko ta tsaya a kan 23 ɗin da take da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma na daɗe ina bibiyar labarin manyan kwalejojin koyon aikin injiniya na ƙasar Indiya, waɗanda ake kira IIT. Na ji cewa yara fiye da miliyan 1 ke zana jarrabawar shiga duk shekara, amma waɗanda ake ɗauka ba su kai 20,000 ba. Tun da kowa ya yarda makarantun nan na da kyau, me zai hana gwamnatinsu ta gina 50 ko 100? Wani abokina ya ce in sun yi yawa darajarsu za ta zube. Ni kuwa gani nake rowa ce kawai. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara basira. Abokin naka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai dalilin da ya kawo ba shi ne dalilin ba. Yawan makarantu a karan kansa ba ya zubar da daraja. Abin da ke zubar da ita shi ne a buɗe makaranta alhali babu masu koyarwa a cikinta, kuma a nan ne Indiya ta sha wuya.

Sai mun waiwayi yadda aka kafa na farkon kafin maganar ta fito fili. A 1946 wani kwamiti a ƙarƙashin Nalini Ranjan Sarkar ya ba da shawarar a kafa manyan makarantun fasaha guda 4, a gabas da yamma da arewa da kudu, a kan tsari irin na MIT, shahararriyar jami'ar fasaha ta Amurka. Ta farko aka buɗe ta a Kharagpur a 1951, a cikin ginin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa tsare 'yan gwagwarmayar neman 'yanci a Hijli. Ta Bombay ta biyo baya a 1958 da taimakon Tarayyar Sobiyat, ta Madras a 1959 da taimakon Jamus ta Yamma, ta Kanpur ita ma a 1959, sai ta Delhi da Birtaniya ta tallafa wa a farkon shekarun 1960. Ka lura da wannan: kusan kowace ɗaya tana da ƙasar da ta goya ta. Ta Kanpur, jami'o'in Amurka 9 ne suka haɗu suka riƙa turo mata malamai da kayan aiki tsawon shekara 10, daga 1962 zuwa 1972. Daga nan aka tsaya a kan 5 ɗin nan har sama da shekara 30, sai a 1994 aka ƙara ta Guwahati, a 2001 kuma aka mayar da tsohuwar jami'ar Roorkee ta shiga sahu.

To sai aka canja taku. A 2008 da 2009 kaɗai an buɗe sababbi 8. A 2012 aka ƙara ta Varanasi, a 2015 da 2016 aka ƙara wasu 7, jimilla 23. Wato abin da ka ce a yi an riga an gwada shi, daga 7 zuwa 23 cikin shekara 8, don haka muna da abin dubawa a ƙasa, ba hasashe ba.

Me aka gani? Da yawa cikin sababbin sun ɗauki ɗalibai tun ba su da ko bulo ɗaya na kansu. Ɗaliban farko na Jodhpur a harabar Kanpur suka fara karatu, na Ropar a Delhi, na Bhubaneswar a Kharagpur. Aka ce kowace tsohuwa ta reni sabuwa, wanda ke nufin malaman da dama aiki ya yi musu yawa aka sake raba lokacinsu. Ta Goa, wadda aka buɗe a 2016, ta yi shekaru tana zaman aro a harabar kwalejin injiniya ta jihar, saboda rigimar fili da mutanen ƙauyukan da aka so a gina ta. Sannan a ƙarshen 2022 gwamnati da bakinta ta shaida wa majalisa cewa kusan kashi 40 cikin 100 na guraben malamai a kwalejojin IIT babu kowa a kai, sama da gurbi 4,000 ke nan. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma man wannan dambu malamai ne.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin shi ne abin da masu cewa a gina 100 ba su cika lissafawa ba. Gini, in akwai kuɗi, shekara 3 ko 4 ya isa. Injinan ɗakin gwaje-gwaje a yi odarsu su zo. Amma malamin da zai koyar da zanen gada ko haɗa ƙananan sassan lantarki na cikin kwamfuta a irin wannan mataki, sai ya yi shekara 4 a digirin farko, galibi 2 a na biyu, kamar 5 a digirin digirgir, sannan ya ƙara wasu shekaru yana bincike kafin a ba shi ɗalibai. Kafin ya kai nan kamfanoni sun sha yi masa tayin albashin da gwamnati ba za ta iya biya ba, jami'o'in ƙetare ma suna zawarcinsa. Kuma ko ya yarda ya dawo, ba shi kaɗai yake ba. Yana son garin da matarsa ko mijinta zai sami aiki, da makarantar yara, da abokan bincike da zai ƙwanƙwasa wa ƙofa in lissafi ya cije. Sashen da ke da malamai 4 ba ya jawo na 5 cikin sauƙi, amma mai 40 ana rububin shiga. Idan shugaban sabuwar makaranta ya ƙi sassauta sharuɗɗan ɗaukar malamai, guraben su zauna babu kowa. Idan ya sassauta, ya ɗauki mutumin da zai zauna masa shekara 30. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar malaman jami'a ya san zafin wannan zaɓi.

Ba duka sababbin ne suka rame ba. Ta Hyderabad, 'yar 2008, yanzu tana cikin 10 na farko a jerin kwalejojin injiniya da gwamnatin Indiya ke fitarwa duk shekara. Sai dai ka duba abin da ta samu: tana gefen birnin da ke cike da kamfanonin kwamfuta da na magunguna da cibiyoyin bincike, kuma Japan ta tallafa mata da kuɗi da haɗin gwiwa, kusan yadda Jamus ta yi wa Madras a da. Sharuɗɗan da suka gina na farkon su suka gina ta.

Shi kuma tsoron abokinka, cewa sunan zai yi arha, bai tabbata yadda ake zato ba. Yaran da suka fi kowa maki har gobe sashen kwamfuta na Bombay mafi yawansu ke zaɓa, kamfanoni kuma sun san bambancin tsofaffi da sababbi. Abin da ya faru shi ne an sami hawa-hawa a cikin gida ɗaya, suna guda, nauyi daban. Ni a ganina, cikin masu kukan zubewar daraja akwai waɗanda takardar shaidarsu suke karewa, ba ilimi ba, don haka kalmarka ta rowa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Yanzu ga naka ɓangaren, kuma tun da malamin lissafi ne kai, mu yi da alƙaluma. Jarrabawar matakin farko, JEE Main, mutum sama da miliyan 1 ke zana ta, ko da yake ita ce kuma ƙofar shiga wasu makarantun. Daga ciki kimanin 250,000 ake ba damar zana ta biyu, guraben digirin farko kuwa a duka IIT 23 kimanin 18,000 ne. Bai kai mutum 2 cikin 100 ba. A ce an ninka makarantun sun zama 46, guraben sun zama 36,000. Har yanzu kusan 97 cikin 100 za su koma gida hannu rabbana, kuma garin Kota na jihar Rajasthan, inda iyaye ke tura yara shekara 2 suna haddar dabarun jarrabawa, ba zai rage cika ba. Damuwar da ta sa ka yi tambayar, wato yaro mai ƙwaƙwalwa da ya rasa gurbi da maki kaɗan, ƙarin IIT ba zai magance ta ba. Maganinta yana wurin da sauran 97 ɗin ke zuwa.

Wurin kuwa da sauran gyara. Akwai wasu kwalejojin injiniya 31 na gwamnatin tarayya da ake kira NIT, masu kyau, amma mafi yawan injiniyoyin Indiya daga dubban kwalejoji masu zaman kansu da na jihohi suke fitowa. An buɗe su barkatai har ta kai kusan rabin kujerunsu babu ɗalibai, hukumar AICTE mai kula da su ta dakatar da ba da izinin buɗe sababbi daga 2020 na wasu shekaru. Ka ga abin mamaki: a sama ana turmutsitsi, a ƙasa azuzuwa wayam. Kuɗin da za a kashe a gina IIT guda, in aka raba shi a kan horar da malamai da sabunta ɗakunan gwaje-gwaje na kwalejojin jihohi masu ɗan dama, yaran da za su amfana sun ninka sau da yawa. Ƙasar Sin da ta so ɗaga jami'o'inta a 1998, da shirin da ake kira 985, ba sababbi ta gina ba. Jami'o'i 39 da suke nan da malamansu ta zaɓa ta zuba musu kuɗi.

Da ni za a tambaya, cewa zan yi a tsaya a kan 23 tukuna, a cike guraben malamai, a gama gine-ginen waɗanda ke zaman aro, sannan a faɗaɗa waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Ta 24 kada a sanar da ita sai an mallaki fili, an ware kuɗin shekara 10, an kuma san daga ina malamai 100 na farko za su fito. Da alama gwamnatin ma ta karkata nan. A kasafin kuɗin da ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta gabatar a watan Fabrairun 2025, ta ce ɗaliban IIT gaba ɗaya sun tashi daga 65,000 zuwa 135,000 cikin shekara 10, kuma ba ta ambaci sabuwar IIT ko ɗaya ba. Abin da ta sanar shi ne ƙarin gine-gine a guda 5 da aka buɗe bayan 2014, domin su iya ɗaukar ƙarin ɗalibai 6,500.