Wace na'urar karatu ce ta dace da mai karatu a kan gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai sai na kwanta nake samun sukunin karatu. Fitilar ɗaki tana hana maigidana barci, waya kuma tana sa idona ya yi ta yaji. An ce mini akwai na'urar karanta littattafai mai fitila a jikinta. Wace iri zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Fuskar waya da kanta take fitar da haske, hasken ya doso ido kai tsaye. Ita kuwa na'urar karatu, fuskarta ta E Ink ce, ba ta ba da haske da kanta, kamar dai takarda. Sai aka jera ƙananan ƙwayayen LED a bakin fuskar, aka shimfiɗa wani siririn faifai a sama da ke baza hasken ya sauka kan rubutun. Tun 2012 aka fara ganin haka a na'urorin karatu irin su Nook, Kindle Paperwhite da Kobo Glo, yanzu kuwa da wuya ki ga sabuwa babu fitila.

To, kada tallar ƙarfin haske ta ɗauke miki hankali. A ɗaki mai duhu, abin da za ki duba shi ne iya inda hasken yake raguwa. Ki shiga duhu da ita, ki mayar da fitilar can ƙasa. In har a matakin ƙarshe tana haska bango, ba taki ba ce. Ki kuma dubi gindin fuskar, domin wasu na barin dabbare-dabbaren inuwa a wajen da ƙwayayen suke, kuma ido ba ya daina ganinsu da zarar ya lura.

Sai launin hasken. Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana iya danne sinadarin melatonin da ke kawo barci, musamman idan ya yi ƙarfi. Don haka ki nemi wadda ake iya juya haskenta ya koma ruwan ɗorawa. Kobo ta kawo wannan a Aura One a 2016, Paperwhite ta samu a 2021. Ƙaramar Kindle mai araha tana da fitila, amma fara ce kawai. Ni a wajena, wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga lissafinki.

Masu fuska mai launi fa? Suna da kyau a ido, amma fuskarsu ta fi duhu, dole sai an ƙara fitila. Ga mai karatun zallan rubutu da dare, baƙi da fari ya fi.

Nauyi ma abin lura ne, tunda kina kwance ne da hannu ɗaya a sama. Mai fuska inci 6 irin Kobo Clara BW ba ta kai giram 200 ba, Paperwhite ta ɗan haura. In kina kwanciya a gefe, mai maɓallin juya shafi irin Kobo Libra ta fi daɗi.

Tsakanin Paperwhite da Clara BW, littattafanki ne za su raba gardama. In daga Amazon, kamfanin da ke yin Kindle, kike saye, Paperwhite. In kuma kin tara fayilolin EPUB, wato wani nau'in fayil na littattafan lantarki, Kobo na buɗe su kai tsaye, Kindle kuwa sai kin tura su ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil zuwa na'urar, tukuna.