Amsa ga ƙanwarmu mai jaririn da aka ce sai an sa masa roba a kai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da rana na ga tambayarki, na bari sai da yara suka kwanta, don ba amsar tsaye ba ce. Kin ce ɗanki watansa huɗu, kansa na ta girma, maɗigarsa ta taso, an ɗauki hoto an ce ruwa ne ya taru, an tura ku wurin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sun ce sai an sa masa roba. Surukarki ta ce ba da yawunta ba, ba a buɗe kan ɗan Adam ya tashi. Maigida kuma ya tsaya tsakiya, ya ce a bari yaro ya ƙara ƙwari. Kina tambaya ko akwai wadda aka yi wa nata ya rayu.

Akwai, ga ni. Nawa yana firamare yanzu, robar na jikinsa, kuma shi ya fi kowa surutu a gidan nan.

A cikin maganganun biyu, ta maigidanki ta fi ba ni tsoro. Ta Hajiya tsoro ne na kaka, ana iya lallashinta. Amma "a bari ya yi ƙwari" magana ce mai kama da hankali, shi ya sa take cin mutane. Ruwan nan ba daga waje ya shiga ba. Kowa yana da shi, ni da ke duka, ƙwaƙwalwa ce ke yin abinta dare da rana. Babban mutum yakan yi kusan rabin lita a yini, ruwan ya zagaya cikin ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye, a sake sabo. Idan hanyar da yake bi ta toshe, yin sa ba ya tsayawa. Kin san rariyar tsakar gida idan ta toshe ana tsaka da ruwan sama: sama ba ta fasa zubowa don rariya ta ƙi. To a jariri ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, sai su yi ta buɗewa suna ba ruwan wuri. Shi ya sa yaro zai iya yin makonni yana shan nono yana murmushi, kowa ya ce ai lafiyarsa lau, alhali a ciki ƙwaƙwalwa na matsuwa tana sirancewa. Abin da ruwan ya ɓata ba kasafai yake dawowa duka ba. Roba ba ta mayar da kai ƙarami, ɓarnar take tsayarwa. Duk watan da aka jira, daga rabon yaron aka ɗiba.

Namu da zazzaɓi ya fara, bai yi arba'in ba. Jiki zafi rau, ya ƙi nono, ya yi jijjiga. Aka kwantar da mu, aka ce ciwon ya taɓa rigar ƙwaƙwalwa, irin na sanƙarau. Aka yi allurai, ya warware, muka dawo gida muna hamdala. Hular saƙa ce ta fara tona asiri. Wadda aka kawo masa ranar suna, mai faɗi ce har tana rufe masa ido, sai ga ta ta ƙi shiga. Riga kuma sai an ɓalle maɓallan wuya duka. Jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fatar kan, fatar na sheƙi. Abin da ba na mantawa idanun ne: baƙin ya sauka ƙasa, farin ya fito ta sama, yana kallon ƙirjinsa ko da ni ce a gabansa. Kakarsa ta wurin uba ta duba ta ce, "Gadon gida na, kakanai ma haka kainai shike." Wata ta ce iska ce, wata ta ce a kai wa wanzami ya yi tsaga a goshi ruwan ya tsiyaye. Don Allah ko waye ya kawo miki zancen tsaga ko sakiya, ki rufe ido ki ƙi. Ruwan ba a ƙarƙashin fata yake ba, can cikin ramukan ƙwaƙwalwa yake, aska ba ta isa wurin. Abin da za ta bari kawai gyambo ne a kan da likita ke buƙatar fatarsa lafiyayya, kuma gyambo na iya sa a ɗaga aikin. Tofi da addu'a kam ki yi ta yi, mu ma ba mu fasa ba ko dare ɗaya.

Idan gardama ta yi yawa a gida, tef ɗin awo na tela ya fi baki iya magana. Ki zagaya shi ta saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, ki rubuta lamba da kwanan wata, bayan mako ki sake. Jariri yakan zo duniya da kai kusan santimita 35. A wata uku na farko yana ƙara kamar santimita 2 a wata, daga nan zuwa wata shida ya koma kamar 1, ya cika shekara yana wajen 46 ko 47. Mu da baban yaro ya ga abin da ake ƙarawa a wata mun same shi a mako, bai sake cewa uffan ba, da kansa ya nemo mota.

Mu mutanen Sakkwato Allah ya hutar da mu wata wahala. Cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka tana nan cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda duk wanda ya san tarihinta zai ambaci Farfesa Bello Bala Shehu. A layin ganin likita za ki haɗu da mutanen Kebbi da Zamfara, har da na Jamhuriyar Nijar da suka shigo ta Illela. Wasu sun kwana a hanya, ke kuwa kuɗin Keke Napep ne. Kuma in kin shiga ɗakin kwanciya za ki ga ba ke kaɗai ba ce. Ga jarirai masu ƙullutu a gadon baya, inda laka ba ta rufe ba tun a ciki, da yawansu su ma da ruwan a kai. Ga samarin da suka faɗo daga kabu-kabu ba hular kwano. Akwai wani dattijo da aka kawo ba ya gane 'ya'yansa, ƙafa ɗaya na ja, gida an gama cewa ruɗin tsufa ne. Ashe ya taɓa bige kai makonni da suka wuce, jini ya yi ta taruwa a hankali. Aka huda ƙashin aka zuƙe, kafin a sallame mu yana zaune yana faɗa a kan an hana shi goro. Shi na riƙa nuna wa kakar yarona.

Aikin kansa ba irin yadda Hajiya ke hasashe ba ne, ba a fasa kai a ɗaga. Za a sa shi barci, a aske gefe ɗaya, a yi 'yar yanka a fatar kai, a huda ƙaramin rami. Siririyar roba mai laushi za ta shiga inda ruwan yake. Akwai ɗan makulli da ke zama bayan kunne, shi ke hana ruwan zuba fiye da kima ko komawa baya. Daga nan a bi da robar ta ƙarƙashin fata, ta wuya, ta ƙirji, har cikin ciki, ba cikin hanji ba, a sararin da ke kewaye da shi, jiki ya riƙa shanye ruwan. Sukan bar rara a naɗe a cikin saboda yaro zai yi tsawo. Da aka fito da nawa, filasta biyu ce kawai, ɗaya a kai ɗaya kusa da cibiya. Washegari na taɓa maɗiga na ji ta yi laushi ta faɗa, ita da ta yi makonni tamau. Kakarsa ta sa ɗan yatsa ta bi robar daga bayan kunne har wuya, tana ta salati, daga ƙarshe ta ce, "Ashe iyakarta ke nan?"

Ki gaya wa maigidanki wannan, ko zai ji daɗi: makullin nan wani uba ne ya ƙera shi. John Holter sunansa, ma'aikacin injina ne a Amurka, ba likita ba. Ɗansa ya samu wannan lalura yana jariri, ya zauna ya yi ta gwaji har ya fito da shi a 1956, tare da likita Eugene Spitz. Yanzu akwai iri-iri. Akwai mai sauƙin kuɗi da ake yi a Indiya, Chhabra, wadda aka gwada ta da mai tsada a Uganda ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Kada wani ya sa ki ji kin gaza don ba ki sayi mai tsada ba.

Akwai kuma wata hanyar da ba a barin roba, ana shiga da 'yar kyamara a buɗe wa ruwan sabuwar ƙofa a cikin ƙwaƙwalwar. Ki tambaya ko naki ya dace da ita, amma kada ki ɗora rai. Ba kowane irin toshewa take yi wa ba, kuma a jariran da ba su kai wata shida ba ta fi yawan ƙin kamawa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, don shi ne ba a cika faɗa ba a ɗokin an yi aiki lafiya. Ranar da aka sa roba, ranar kika zama mai gadi. Roba tana toshewa, tana iya cirewa daga mahaɗinta, ƙwayar cuta na iya kama ta, musamman a watannin farko. Kusan yara 3 zuwa 4 cikin 10 sukan koma tiyata a shekarar farko. Ba na faɗa don ki karaya ba, sai don ranar da ta faru kada ki ce an cuce ki, kuma kada dangi su ce "mun faɗa". Mu ta same mu yana tsakiyar koyon tafiya, ana cikin zafin bazara irin namu da ko babba ke jigata. Ya tashi da amai, ba gudawa, sai barci. In na tashe shi ya buɗe ido ya koma. Mai kemis ɗin da aka kira ya ce maleriya ce, ya haɗa allura, ya ce a ba shi kwana uku. Ni kuwa idanun nake kallo, na ga sun fara sauka irin na da. Ban tsaya musu ba, na goya shi. Hoto ya nuna robar ta toshe, aka canza ta, kwana kaɗan ya dawo yana jan zanen kakarsa.

Matsalar garinmu ke nan, komai maleriya ne. Yaro mai roba in ya yi amai ba dalili, ko barcin da ya wuce misali, ko kuka mai tsini da ba ya rarrasuwa, ko maɗiga ta sake tasowa, ko jijjiga, ko kika ga ja ko kumburi a kan hanyar robar, ko ruwa na tsatsowa daga ɗinki, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ba kemis za ki ba, ba kuma gobe ba. Ko tsakar dare ne ki nufi sashen gaggawa, kuma kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce "yana da roba a kai". In ya girma maɗiga ta rufe, ciwon kai da amai na safe ne za su maye gurbinta. Zai iya zama maleriyar ce da gaske, to su gwada su faɗa. Kada kuma ki bar kowa ya riƙa danna makullin nan da sunan gwaji, yara 'yan'uwansa sun fi kowa son yi. Ki kula kada bayan gida ya riƙa ɗaure masa. Ki riƙa juya masa kwanciya, don kai mai nauyi in ya daɗe a gefe ɗaya fatar kan robar na iya yin gyambo.

Ba zan ce miki ya zama kamar kowane yaro ba. Nawa ya yi jinkirin riƙe wuya, ya yi jinkirin zama, sa'anninsa na gudu shi yana bin bango. Mun yi zaryar sashen gashin ƙashi har ma'aikatan suka san shi da suna. Yana sa tabarau, rubutunsa a hankali yake, kansa har yau ya ɗan fi na tsaransa, sai dai jiki ya biyo shi har ba kowa ke lura ba. Amma hadda ba a kama ƙafarsa a Islamiyya. Na kuma san waɗanda nasu ba su kai haka ba, wasu saboda ciwon farko ya yi ɓarna sosai, wasu saboda an kai su kai ya riga ya fi ƙarfin wuya. Ki tambayi likita kai tsaye abin da hoton naki ya nuna, kina da haƙƙin ji.

Zancen kuɗi, ba zan faɗi abin da muka kashe ba don farashin da ba na yau ba ne. Ku sa a rubuta muku komai dalla-dalla, roba, tiyata, gwaje-gwaje, magani. Ku nemi ofishin da ke kula da marasa ƙarfi a asibitin, ku kuma kai takardunku Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, tana taimakawa a harkar jinya. Babu abin kunya a ciki. Kuma in Allah ya sa kina shirin wani cikin nan gaba, ƙaramar ƙwayar folik asid ɗin nan da ake bayarwa a wurin awo, tun kafin ciki ya shiga ake fara ta, domin laka tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin mace ba ta ma tabbatar ba. Ita ke rage haɗarin ƙullutun baya.

Game da Hajiya, kada ki yi fito-na-fito da ita, ba za ki ci riba ba. Ki roƙi maigida ya ɗauke ta ku tafi tare ranar ganin likita, ta zauna ta ji da kunnenta, a nuna mata hoton. Maigidan ma dole ya je, don za a nemi sa hannu a takardar amincewa, kuma a kan nemi jini a ajiye. Ki tafi da hoton da aka ɗauka, da katin rigakafi, da takardar sallama ta duk wani kwanciya da ya taɓa yi, da lambobin awon kan in kin fara. In akwai ƙuraje ko amosani a kansa ki nuna musu tun ranar farko. Kafin ranar ta zo, in ya fara amai ko ya ƙi nono, kada ki jira ta.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi a sa'a. In an ba ku rana ki sanar da mu.