Yana, hakiya da dundumi ba ciwo ɗaya ba ne

Tambayoyin da suka taru a wannan makon galibinsu a kan kalmomin asibiti ne da sunayen sassan jiki, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani mai karatu daga Misau ya rubuto cewa: "Malam, ganin mahaifiyata ya ragu ƙwarai. Wasu sun ce yana ce, wasu sun ce hakiya, wani kuma ya ce dundumi. Shin ba duk abu ɗaya ba ne?"

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba abu ɗaya ba ne, kuma cakuɗa waɗannan kalmomi da ake yi yanzu, har a bakin wasu masu gabatar da shirin lafiya a rediyo, yana damuna matuƙa, domin iyayenmu da ba su shiga ajin kimiyya ba sun rarrabe su sarai. Hakiya farin tabo ne da ke fitowa a kan fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, kuma kowa yana iya ganinta daga waje. Takan biyo bayan ƙyanda, ko tsokanewar kara lokacin girbi, ko ɗiga wa ido abin da bai kamata ba. Dundumi kuwa shi ne mutum ya riƙa gani da rana, amma da magariba ta yi sai ya kama lalube, kuma a wurin yara yawanci ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi, wanda ake samu a hanta da manja da zogale da mangwaro.

Yana ita ce ta fi buƙatar bayani, saboda sunan yana ruɗar mutane. Da yake mun saba da yanar da ke kwanciya a saman madara, sai a ɗauka wani abu ne ya lulluɓe ido daga waje, wanda za a iya kankarewa ko a narkar da shi da maganin ɗigawa. Alhali a cikin ido, bayan ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin, akwai wani madubi da faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, wanda aikinsa tattara haske. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe, sai madubin ya dushe, mutum ya riƙa gani dishi-dishi har ya kai ba ya gane fuska. Babu ganye ko kwalli da ke mayar da shi garau. Maganinsa aiki ne na ɗan lokaci, a cire wanda ya dushe a sa na roba, kuma tun 1949 wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara sa irin wannan madubi a birnin Landan.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ce ta fi ko'ina, da kashi 6.1. Yana kaɗai ita ce sanadin kashi 43 na wannan makanta, wato makantar da ake iya warkarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a binciken shi ne, fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, ba a asibiti aka taɓa su ba. Masu yawo ƙauye-ƙauye ne ke soka tsinke su tura madubin da ya dushe ya faɗa can cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar ya yi murna, amma sau da yawa bayan 'yan watanni idon ya mutu gaba ɗaya. Saboda haka ka kai Hajiya sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ko wani asibiti mai likitan ido kusa da ku, a duba a faɗa muku sunan ciwon na ainihi, domin akwai na huɗu da ba ka ambata ba, wanda tambaya ta gaba ta taɓo.

Wata malamar makaranta daga Kumo ta ce: "Mene ne ma'anar ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima? Kuma daidai ne a ce hawan jinin ido?"

Malama, karin maganar tana nufin mai hankali yakan iya kintatar yawan abu ko darajarsa da kallo, ko da bai auna ba, kamar yadda dillalin hatsi zai dubi buhu ya faɗi tiya nawa ke ciki. Sai dai ciwon da kika tambaya yana cikin abubuwan da kallo ba ya gano su. Gulukoma ke nan, kuma ni ban gamsu da kiransa hawan jinin ido ba, domin ba jini ne ke hawa ba. Ruwa ne da ido ke samarwa kullum, idan magudanarsa ta toshe sai ya taru ya matse jijiyar gani har ta lalace. Wanda aka auna jininsa a hannu aka ce lafiya lau, in ya ji wancan suna sai ya ɗauka ya tsira, alhali awon daban ne, na'urarsa ma daban. Matsin ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin zaiba. Ciwon yakan fara cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar. Da za a bi ra'ayina, hawan ruwan ido za a riƙa cewa.

Wani ɗalibi daga Azare ya tambaya ko jijiya ita ce hanyar jini. Ɗana, jijiya kalma ce mai faɗi, don haka mai rubutu ya fayyace: jijiyar jini ita ce bututun, jijiyar saƙo kuma ita ce mai kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi. Igiyar nan mai tauri ta bayan dunduniya, agara sunanta, kuma mahauta ba su manta da wannan suna ba ko da 'yan boko sun manta.

Daga Dukku an ce: "Idan muka ce hasken idona ya ragu, ashe haske daga ido yake fita?"

Maganar Hausa ce mai kyau, kuma ba na so a daina faɗinta, amma a kimiyyance ido karɓar haske yake yi. Tambayar tsohuwa ce, domin manyan masanan Girka irin su Yuklid da Batlamus sun tafi a kan cewa ido ne ke aika haske zuwa ga abin da ake kallo. Wanda ya rushe wannan ra'ayi da hujjar gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske yana tafiya a miƙe daga fitila ko rana, ya bugi abu, sannan ya shiga ido. Kowa yana iya gwadawa a gida: a rufe ɗaki ya yi duhu da rana tsaka, a bar ɗan ƙaramin huji a taga, za a ga hoton bishiyar da ke waje ya fito a bango kansa a ƙasa. Haka hoto ke sauka a bangon bayan ido, ƙwaƙwalwa ce ke daidaita shi. Abin takaici ne a ce ana koyar da yaranmu darasin haske a sakandare shekara da shekaru ba a taɓa ambata musu sunan wannan bawan Allah ba.

Mai tambaya daga Ningi yana son bambancin shawara da ciwon hanta. Shawara alama ce, wato ido da fata su yi rawaya, kuma ciwon hanta ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke kawo ta, tare da amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da toshewar hanyar matsarmama. Gwajin jini ne ke nuna wanne ne.

Wanda ya tambaya daga Kaltungo ko saifa da ƙoda abu ɗaya ne, amsa ita ce a'a. Saifa guda ɗaya ce a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ƙoda kuwa biyu ne a kwiɓi ta baya, kuma su ne masu tace fitsari daga jini.