Amsa: Ɗakin wasan yara a kan bishiya a filin da babu wuta

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko za ka iya yi wa yaranka ɗakin wasa a kan mangwaron da ke gonarka ta bayan Rigachikun, alhali wutar lantarki ba ta isa wurin ba. Za ka iya, domin mafi yawan aikin ba a gindin bishiyar ake yin sa ba.

Ka auna komai da kyau, ka kai awon kasuwar Panteka da ke Kaduna a yanka maka katakon kuma a huda ramukan noti a can, ta yadda in ka iso gona, zarto da guduma da sifana sun wadatar. Ba sai ka yi hayar janareta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyi. Reshen mangwaro yana iya yin rami a ciki bawonsa na nan lafiya, don haka ka kafa ginshiƙai huɗu a siminti su ɗauki dandamalin, ka kuma bar tazara tsakanin katako da kututture, saboda bishiya tana ƙara kauri, tana kuma rangaji idan iskar farkon damina ta taso. Kada ka ɗaure ta da waya, za ta shaƙe ta. Tsayin dandamalin daga ƙasa kada ya wuce mita 2, tazarar sandunan shingen da za ka kewaye shi da shi kuwa ta gaza santimita 10, domin kan ƙaramin yaro kada ya shige.

Ka shafa wa ƙasan ginshiƙan maganin gara, ya bushe sarai kafin yara su hau.